Garwashin da Ya Daina Hayaƙi Ma Yana Iya Kisa

An daɗe ana cewa in gawayi ya ruru ya daina hayaƙi, ba laifi a kwana da kasko a ɗaki lokacin hunturu. Ba haka abin yake ba. Garwashi na fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ko launi. Tana kama himogulobin, sinadarin jini mai ɗaukar oksijin, da ƙarfin da ya ninka na oksijin sau 200. Ɗan oksijin da ya rage ma sai ya maƙale, ya ƙi sakuwa ga ƙwaƙwalwa.

Ku lura: in 'yan ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai da jiri, suka ji sauƙi da fitarsu waje, a garzaya asibiti. Na'urar awon oksijin ta yatsa kan nuna lafiya lau ko da mutum ya shaƙi wannan iskar, kada a dogara da ita. Hayaƙin janareta ma na ɗauke da wannan iskar.

Don Allah a tura wa 'yan uwa.