Makarantar gwamnati kyauta ce, to kuɗin me ake karɓa a kwaleji da lise?

Komawa lakwal a jihar Maradi kan faɗo ne a daidai lokacin da hatsi ke bakin shiga rumbu, wake da gyaɗa ba su kai kasuwa ba, aljihun magidanci kuwa ba komai. A wannan tsakanin ne yaro zai dawo gida da saƙo: an ce a kawo kuɗin COGES, wato kwamitin tafiyar da makaranta. Uba ya ce ai shi a rediyo ya ji hukuma ta ce karatu kyauta ne. Darakta kuma ya ce ga aji ba rufi, ga tebura a karye. Kowannensu yana da rabon gaskiyarsa, kuma rikicin da ake yi kowace shekara ya samo asali ne daga rashin sanin inda doka ta ja layi.

Dokar da aka gina tsarin ilimin Nijar a kanta ita ce mai lamba 98-12 ta ranar 1 ga Yuni 1998, wadda malamai ke kira LOSEN. Aya ta 2 ta ce ilimi haƙƙin kowane ɗan ƙasa ne, kuma gwamnati ce ke lamunce shi ga yara daga shekara 4 zuwa 18. Daga baya, a zamanin mulkin Mahamadu Isufu, aka yi shelar karatu kyauta kuma tilas har shekara 16. A watan Disamba 2017 aka ƙara da wani ƙuduri mai lamba 2017-935 da ya tanadi kare ɗiya mace da tallafa mata don ta ci gaba da karatu. Ɗan aji shida zuwa aji uku na kwaleji, wato shekara huɗun da ke kai shi ga jarrabawar BEPC, yana tsakiyar waɗannan shekaru. Da yawa daga ƴan lise ma ba su fita cikinsu ba.

Sai dai dokar ta 1998 ba ta ce uwaye su naɗe hannu ba. Aya ta 60 ta raba nauyin makarantun gwamnati, ta ba kowa kasonsa. Gwamnati ta ɗauki gine-gine, kayan aiki, littattafai, horas da malamai, albashi da tallafin karatu. Ƙananan hukumomi na da hannu a gini da gyara, da ruwa da wutar lantarki. Abin da aka ajiye wa iyalai abu biyu ne: kayan karatun yaro da kula da makaranta.

Daga nan ake fahimtar ma'anar kyauta. Kujerar da yaro ke zama a kai da darasin da malam ke ba shi ba su da farashi. Yaron da ya ci aji, hukuma ta tura shi wata kwaleji ko lise, sunansa na cikin jerin da aka aiko wa makarantar, ba a sayar masa da gurbi. Amma kaye da bik da jaka da kayan lissafi, da tufafin makaranta inda ake sa su, na gidansu ne. Haka nan taimaka wa makarantar ta tsaya da ƙafafunta.

Kuɗin COGES

Wannan shi ne inda aka fi samun hayaniya, don haka ya kamata a daɗe a kansa. COGES kwamiti ne na tafiyar da makaranta, wanda ya haɗa wakilan uwaye, darakta, wakilin malamai da na ɗalibai. Tsarin ya yi ƙarfi ne daga 2004, lokacin da aka gwada shi a makarantun firamare na jihar Tawa da tallafin ƙasar Japan, sannan aka yaɗa shi ko'ina cikin ƙasa, daga baya ya shiga makarantun sakandare. Abin da ya sa ya yi aiki a inda ya yi aiki shi ne zaɓen wakilai ta ƙuri'ar asiri, da yanke kowace shawara a gaban taron jama'a.

Kuɗin da kwamitin ke tarawa gudummawa ce, kuma akwai hanyar da take bi kafin ta halatta. Ana fara kiran babban taron uwaye a farkon shekara. A taron ne ake faɗin matsalolin makaranta ɗaya bayan ɗaya, a zaɓi waɗanda za a iya magancewa da ƙarfin gari, a ƙiyasta kuɗin kowane aiki, a rubuta. Wannan takarda ita ce shirin aikin shekara. Sai bayan an san jimilla ake raba ta a fitar da abin da kowa zai bayar. Duk adadin da aka yanke kafin a san aikin da za a yi da shi, an ɗaura doki ta wutsiya.

Ga misali, da alƙaluman da muka ɗauka don lissafi kawai. A ce kwaleji ce mai ɗalibai 600. Taro ya amince da rumfunan zana 4, kowace a kan sefa 75,000, ya zama 300,000. Gyaran tebura 50 a kan 3,000 kowane, 150,000. Mai gadi na wata 9 a kan 20,000, 180,000. Ruwan sha 90,000. Takarda da tawadar buga jarrabawar aji 120,000. Jimilla 840,000. In aka raba wa 600, kowane yaro zai kawo 1,400, wato jika ɗaya da dala tamanin. Amma kwamitin da ya san garinsa ya san ba duka za su iya ba. In aka cire marayu da ƴaƴan gidajen da kowa ya shaida ba su da hali, a ce yara 120, sauran 480 za su kawo 1,750 kowane, jika ɗaya da dala ɗari da hamsin. Gara a yi wannan lissafi tun a wurin taro, kowa na ji, da a yanke 1,400 sannan a wayi gari cikin watan Janairu ana korar yara don cike giɓin da tun farko an san zai samu. Taron na iya kuma yanke cewa mai ƴaƴa uku ko huɗu a makaranta ɗaya a yi masa ragi, ko a karɓi kara da zana da itace da aikin hannu a madadin kuɗi. A karkara wannan ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, domin bayan girbi kara ba ya wuya.

Kuɗin kuma ma'ajin kwamiti ne ke riƙe shi, wanda uwaye suka zaɓa. Duk wanda ya biya a ba shi rasit mai kwanan wata da sunan yaro da ajinsa. Kowace fita a rubuta ta a littafi, da sa hannun shugaban kwamiti. A tsakiyar shekara a koma taro a faɗi inda aka kwana, a ƙarshenta a karanta abin da ya shigo, abin da aka kashe da abin da ya rage. Yawancin ɓarnar da ake kuka da ita ta wuri ɗaya take shigowa: mutum guda ya zama shi ne mai karɓa, shi ne mai ajiya, shi ne mai saye. Ko da mutumin kirki ne, zargi ba zai bar shi ba, kuma shekara mai zuwa uwaye za su ƙi biya. Wata ƙofar ɓarnar ita ce kwamitin da ya shekara biyar ko shida ba a sake zaɓe ba, har ƴaƴan shugabansa sun gama makarantar tuni.

Maganar rumfunan zana tana buƙatar a tsaya. A watan Nuwamba 2021 gobara ta tashi a azuzuwan zana na wata makarantar firamare a birnin Maradi, yara fiye da 20 suka rasu. Babu wanda ya manta. Gina aji nauyin gwamnati da ƙananan hukumomi ne a doka, uwaye na yin rumfa ne don kada yara su zauna a rana. In dole ta sa an yi, to cikin kuɗin a ware na barin tazara tsakanin rumfa da rumfa, a buɗe wa kowace ƙofa biyu, a nesanta masu tuya da masu shayi, a ajiye ruwa da yashi kusa. Kuma kwamiti ya rubuta wa ƙaramar hukuma da hukumar ilimi buƙatar ajin siminti kowace shekara, ya ajiye kwafin wasiƙar. Gudummawar uwaye ba ta sauke wa hukuma nauyinta ba.

Za a iya korar yaro don bai biya ba?

A'a. Haƙƙin da aya ta 2 ta ba yaro ba a rataya shi a kan biyan komai ba, kuma yarjejeniyar da aka yi a taro tsakanin manya aka yi ta. In akwai bashi, a wuyan uba yake, yaro ba jingina ba ne. Tsayar da shi a bakin ƙofa, hana shi jarrabawar aji, riƙe masa takardar sakamako, kiran sunansa a gaban ƴan'uwansa, duk ba su da madogara. Illar kuwa ta fi sauka kan ƴan mata. Yarinyar da aka mayar gida sau biyu sau uku saboda jika biyu, a gida da yawa nan karatunta ya tsaya, sai talla, sai maganar aure. Wannan ya saɓa wa abin da ƙudurin 2017 ke nufi kai tsaye.

Mu faɗi ɗaya ɓangaren kuma. Wanda ke da hali, ya zauna a taro, ya ɗaga hannu ya amince, sannan ya ƙi biya yana cewa ai kyauta ce, ya zalunci ɗan maƙwabcinsa da ke zaune a ƙasa. Hanyar bi da shi ita ce wakilan uwaye su same shi har gida, ko a haɗa da mai unguwa ko liman. An fi samun biya ta nan.

Sauran kuɗaɗe

Kuɗin jarrabawar BEPC da ta bak, wato ta ƙarshen lise, na hukuma ne, ita ke sanar da adadinsu da ranar rufe karɓar takardu kowace shekara. A nemi ganin sanarwar a allon makaranta, a biya abin da ke rubuce, a karɓi rasit. In an ƙara wani abu don hoto ko kwafi, a faɗe shi daban. Abin da ya fi kuɗin jarrabawar wahalar da uwaye shi ne takardar haihuwa. Dokar rajistar haihuwa ta 2019 ta ba da kwana 60 a kai rahoton haihuwa, kuma a cikin wannan wa'adi ba a biyan komai. Wanda ya wuce shi sai ya bi ta wurin alƙali a yi masa hukuncin shaidar haihuwa. Kada a bari sai yaro ya kai aji uku, tun yana aji shida a duba takardar, a tabbata sunansa da na uwayensa da shekarar haihuwa sun yi daidai da abin da ke littafin makaranta. Harafi ɗaya in ya bambanta yana iya tsayar da takardunsa. Lokaci zuwa lokaci alƙalai na fita garuruwa su yi zaman ba da waɗannan takardu, a riƙa sauraren sanarwa a ofishin magajin gari.

Darasin ƙari na yamma ko na ranar Asabar ba tilas ba ne. Malam na iya taimaka wa ƴan ajin jarrabawa in uwaye sun yarda, amma abin da ke cikin manhaja a lokacin aji ake koyar da shi, ga kowa. Takardun darasi da ake bugawa a sayar ma haka: a sayar a kan kuɗin bugu, kuma kada maki ya dogara da saye.

Akwai kuma kuɗin da ake karɓa a ɓoye don a cusa yaron da aka sallama daga wata makaranta, ko wanda hukuma ba ta turo ba. Wannan cin hanci ne, ga mai bayarwa da mai karɓa. Haɗarinsa ga yaron shi ne sunansa na iya rasa tushe a rajista, matsalar ta fito ranar haɗa takardun jarrabawa, lokacin da gyara ya yi wuya. Sauya makaranta na da hanyarsa: takardar neman canji, shaidar karatu daga tsohuwar makaranta, da amincewar hukumar ilimi.

Ragin kashi 20 cikin 100 na kuɗin makaranta da gwamnati ta yi umarni da shi a 2025 ya shafi makarantu masu zaman kansu ne, ba shi da alaƙa da gudummawar COGES.

Nauyi mafi girma a kan mutanen karkara ba ya cikin kowace takarda. Yaron da ya fito daga ƙauyen da ba kwaleji a yankin Dakwaro, Mayayi ko Gidan Runji sai an nema masa mai masauki a gari, a bi shi da hatsi da kuɗin sabulu da na mota. Wannan ne ke fitar da yara daga makaranta tun a aji shida fiye da komai. Uba ya tambayi darakta tun farkon shekara ko ɗansa na cikin waɗanda suka cancanci alawus ɗin gwamnati na ɗaliban da ke karatu nesa da gida, kuma waɗanne takardu ake nema. Kwamiti ma na iya sa wannan cikin shirinsa, misali tara ƴan tiyoyin hatsi don gidajen da suka sauki ɗalibai.

In an nemi kuɗin da ba ka gane ba, tambaya uku sun isa: wa ya yanke shi, a wane taro, kuma ina rasit? Fara da shugaban uwayen yara, ku je wurin darakta tare, cikin mutunci, domin sau da yawa shi ma matsi ne ya yi masa yawa. In ba a warware ba, a rubuta ƙorafi mai ɗauke da kwanan wata, ajin yaro, adadin da aka nema da abin da aka yi wa yaron, uwaye biyar ko goma su sa hannu. A kai shi ofishin ilimi na gunduma, in ya gagara a wuce ofishin ilimi na jiha a Maradi. A yi kwafi biyu, a sa a buga hatimin karɓa a kan ɗaya a dawo da shi gida. Yaron kuma ya ci gaba da zuwa aji kullum har a gama maganar, domin kwanakin da ya yi fashi ana rubuta su a littafin kiran suna, kuma su ne ake dubawa a ƙarshen shekara.