Ma'anar "ikosistem", kalmar da ta zama gishirin tarukan Abuja

Duk taron da ka leƙa a otal-otal ɗin Maitama da Wuse a 'yan kwanakin nan, da wuya mai jawabi ya zauna bai ce "ikosistem" ba. Ikosistem ɗin fasahar zamani, na noma, na ƙananan sana'o'i. Da yamma ka kunna rediyo, mai fassara ya mayar da ita "muhalli" ya wuce abinsa. Rannan ma na ji wani mai sharhi yana cewa an "ƙaddamar da ikosistem", sai ka ce rijiyar burtsatse ce da ake yanke ƙyalle a buɗe.

Kalmar ta masana tsirrai ce. Wani Baturen Ingila, Arthur Tansley, shi ya fito da ita a rubuce a shekarar 1935. Gaɓar farko daga Girkanci take, oikos, wato gida. Abin da yake nufi shi ne ba a raba masu rai da ƙasa da ruwa da iskar da suke ciki, domin kowanne yana karɓa daga wani yana kuma bayarwa. Ke nan "muhalli" rabin zancen ne, ya ambaci gidan ya manta da masu gidan.

Amma ba fassarar ce ta fi ci mini tuwo a ƙwarya ba. Masu jawabin nan, in ka saurara da kyau, jerin mahalarta suke nufi: ga banki, ga matasa, ga jami'in gwamnati, an haɗu a zaure ɗaya an sha shayi. Wannan taro ne. Sai abin da wani ya zubar ya zama abincin wani kafin a kira abu ikosistem.

A falona a Kubwa akwai akwatin gilashi na kifi, akwariyum, a cikinsa kuma akwai tsiron da masu sayarwa ke kira takobin Amazon saboda dogayen ganyensa masu tsini. Sunansa a wajen masana Echinodorus, asalinsa fadamu da bakin kogunan Kudancin Amurka da ta Tsakiya. Kifi ya ci abinci ya fitar da amoniya, wadda guba ce gare shi. Ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a tsakuwa da na'urar tace ruwa su juya ta zuwa naitirait, daga nan zuwa naitiret. Tsiron ya sha wannan a matsayin taki, in akwai haske ya saki iskar oksijin, kifi ya shaƙa. Ba wanda ya sa hannu a yarjejeniya.

Shi takobin nan yana da halinsa. Ta saiwa ya fi ci, don haka yana son yashi ko ƙananan tsakuwa mai kaurin santimita 5 zuwa 7, da ƙwayar taki da ake cusawa kusa da gindinsa duk bayan 'yan watanni. Wanda ya dasa shi a wankakkiyar tsakuwa ya zuba masa ido, zai ga sababbin ganye suna fitowa rawaya, alamar ƙarancin sinadarin ƙarfe. Wurin dashe kuma saiwa kaɗai ake binnewa. Gindin da ganyen suke tsirowa daga gare shi a sarari ake barinsa, in an rufe shi ruɓewa yake yi. Na farkon da na saya haka na kashe shi, na danna shi cikin yashi kamar mai dashen rogo.

Na biyun ma saura kaɗan in jefar. Cikin mako biyu ganyensa suka fara narkewa ɗaya bayan ɗaya, na ce an sayar mini da mushe. Ashe masu renonsa a kan ruwa suke shuka shi, saiwa a jiƙe ganye a iska, don ya fi saurin girma. In ya nutse sai ya zubar da tsofaffin ganyen ya fito da wasu sirara da suka dace da ruwa. Yanke ruɓaɓɓun kawai ake yi daga gindi a jira. Yanzu ya kusa santimita 50, ya mamaye bayan akwatin, har ya miƙo wani dogon kara mai ɗauke da 'ya'ya, kowanne da 'yar saiwarsa. In sun yi ganye huɗu ko biyar sai a cire a dasa.

Ka taɓa ɗaya daga cikin mazauna akwatin kuwa, duk sai sun ji a jikinsu. Ka bar fitila ta wuce awa 8 zuwa 10, gansakuka ta lulluɓe ganyen. Ka juye ruwan famfo kai tsaye, kilorin ya kashe bakteriyar, amoniya ta taru, kifi ya fara haki a saman ruwa. Ka jefa karfasa a ciki don sha'awa, ta tone saiwar. Tsiron ya fi jin daɗin ruwa mai ɗumin digiri 22 zuwa 28, saboda haka a zafin Maris na Abuja nesa da taga nake ajiye akwatin. Da dare kuma tsiron ma oksijin yake sha, shi ya sa in an ɗauke wuta na'ura ta tsaya nakan tashi in duba.

Kada in cika baki, nawa ɗin ma bai tsaya da ƙafarsa ba. Ni nake zuba abinci, ni nake sauya kusan rubu'in ruwan duk mako. Tafkin Jabi ko fadamar bayan gari ba sa jiran kowa ya yi musu wannan.

Da za a tambaye ni fassara, "zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka na halittu da mazauninsu" zan ce. Ta yi tsawo ga mai karanta labarai, kuma ta ɗan yi wa abin kwalliya, tunda a cikin cuɗar har da babban kifi ya haɗiye ƙarami.