Kwamfutar kwantam

Kwamfutar kwantam na'ura ce da take yin lissafi da dokokin kimiyyar kwantam, wato dokokin da suke tafiyar da ƙananan abubuwa irin su atam da elektiron da ƙwayar haske. Kwamfutar da muka saba da ita, ta waya ce ko ta ofis, komai nata bit ne, ko 0 ko 1, shi kenan. Ita kuwa kwamfutar kwantam da kiyubit take aiki, wato takwaran bit na kwantam. Har yanzu dai yawancinsu a ɗakunan bincike suke, kuma gaskiya abin da masana suka tabbatar a takarda ya yi wa abin da na'urorin suke iya yi nisa sosai.

Yadda take aiki

Kiyubit zai iya zama 0, zai iya zama 1, zai kuma iya zama a wani yanayi da ya gauraya su biyun, kowanne da nauyinsa. To amma da zarar an auna shi gaurayen ya watse, amsa ɗaya tak za a gani, nauyin nan ne kawai yake nuna wacce ta fi yiwuwar fitowa. Idan kiyubit suka yi yawa abin sai ya haɓaka, kiyubit 2 lambobi 4 ake buƙata a kwatanta yanayinsu, 10 kuma 1,024, in aka kai 300 adadin ya wuce yawan atam ɗin da aka ƙiyasta suna cikin duk sararin da ake iya hangowa.

Daga nan ne mutane suke cewa wai kwamfutar tana gwada duka amsoshi a lokaci guda. Maganar tana da daɗin ji amma tana ɓatar da mutum, domin in haka kawai ne ai da an auna wata amsa ce za ta faɗo barkatai. Ainihin dabarar tana wajen nauyin nan, don wani yana ƙara wa wani ƙarfi wani kuma yana kashe wani, kamar a jefa duwatsu biyu a tafki igiyoyin ruwan su haɗu, wani wuri su tashi sama wani wuri su kwanta. Aikin mai tsara algoridim, wato jerin matakan lissafi da kwamfuta take bi, shi ne ya shirya abin yadda amsoshin banza za su kashe junansu ta gaskiya ta rage, kuma matsalolin da aka san yadda ake yi musu haka ba su da yawa.

Sai kuma sarƙewa, inda kiyubit biyu suke ɗaure da juna har ba a iya bayanin ɗaya ba tare da ɗayan ba ko da an raba su da nisa. Ba a iya aika saƙo da ita fiye da gudun haske, duk da ana yawan faɗin haka.

Tarihi

Maganar sarƙewa ta girmi kwamfutar kanta. A 1935 Albert Einstein da Boris Podolsky da Nathan Rosen suka kawo ta a matsayin hujjar cewa ilimin kwantam bai cika ba. A 1964 John Bell ya nuna yadda za a gwada zancen a aikace, kuma gwaje-gwajen da John Clauser da Alain Aspect da Anton Zeilinger suka yi daga baya su suka ba su kyautar Nobel ta 2022.

A wajejen ƙarshen shekarun 1960 ko farkon 1970 Stephen Wiesner ya rubuta wata maƙala a kan kuɗin kwantam da ba za a iya yin jabunsu ba, mujallu suka ƙi karɓa, sai a 1983 ta fito. A 1980 Paul Benioff a Amurka ya nuna kwamfuta za ta iya aiki bisa dokokin kwantam, a shekarar kuma Yuri Manin a Tarayyar Sobiyet ya taɓo irin tunanin. Amma wanda aka fi tunawa shi ne Richard Feynman, da ya tsaya a wani taro a jami'ar MIT ta Amurka a 1981 ya ce kwamfuta ta yau da kullum ba za ta iya kwaikwayon duniyar kwantam cikin sauƙi ba, don haka a gina wadda ita ma kwantam ce. David Deutsch na Jami'ar Oxford ya ba abin tsari na lissafi a 1985.

Kusan shekara goma mutane ƙalilan ne suka damu da fagen. Abin da ya tada hankali shi ne 1994, lokacin da Peter Shor na cibiyar bincike ta Bell Labs a Amurka ya fito da algoridim da zai iya warware babbar lamba zuwa lambobin da aka ninka aka same ta, cikin sauri. Tsarin ɓoye bayanai na RSA, da aka fito da shi a 1977 wanda bankuna da intanet suka daɗe suna dogaro da shi, kacokan a kan wahalar wannan lissafin ya tsaya, shi ya sa gwamnatoci suka fara zuba kuɗi. A 1996 Lov Grover, shi ma a Bell Labs, ya kawo nasa na bincike, wanda in abu miliyan ɗaya ake lalube zai rage aikin zuwa mataki wajen dubu.

A lokacin masu shakka sun ce ba za ta taɓa yiwuwa ba, saboda kiyubit ba ya jure komai, ɗan zafi ko ɗan motsi sai ya lalace, kuma tun 1982 William Wootters da Wojciech Zurek da Dennis Dieks suka tabbatar ba a iya kwafar yanayin kwantam da ba a sani ba, balle a ajiye kwafi saboda tsaro. Shor ɗin dai ya sake dawowa a 1995 da hanyar gyara kuskure, inda ake baza bayanin kiyubit ɗaya a kan guda 9, Andrew Steane ya rage zuwa 7. A ganin masana da yawa wannan ya fi algoridim ɗin farko muhimmanci, don ba don shi ba da maganar ta tsaya a takarda.

A 2001 masu bincike na IBM da Jami'ar Stanford suka gudanar da algoridim ɗin Shor da kiyubit 7, suka gano 15 shi ne 3 sau 5.

Ire-iren na'urorin

Google da IBM suna yin nasu kiyubit da ƙananan da'irorin lantarki da ake sanyayawa har kusan digiri 273 ƙasa da sifili. Kamfanonin IonQ da Quantinuum atam masu caji suke kamawa su riƙa sarrafa su da hasken leza. Akwai masu aiki da ƙwayar haske. Ba a san wanda zai yi nasara ba tukuna. IBM ta buɗe wata mai kiyubit 5 ga jama'a ta intanet a 2016, a 2023 kuma ta nuna Condor mai 1,121, sai dai yawan kiyubit ba shi ne inganci ba. A Disamba 2024 Google ta sanar da Willow mai kiyubit 105, ta ce kuskure yana raguwa in aka ƙara girman tsarin gyaran.

Taƙaddama

A 2019 Google ta ce na'urarta Sycamore, mai kiyubit 53, ta yi cikin daƙiƙa 200 aikin da zai ɗauki babbar kwamfuta shekara 10,000. IBM ta ce kwana biyu da rabi ya isa. An kuma daɗe ana gardama kan ko na'urorin kamfanin D-Wave na Kanada suna da wani fifiko na gaske a kan kwamfuta ta yau da kullum.

Tsaron bayanai

Charles Bennett da Gilles Brassard sun fito da BB84 a 1984, hanyar raba mabuɗin sirri da ƙwayoyin haske yadda duk wanda ya yi leƙe sai ya bar alama. Sin ta harba tauraron ɗan'adam Micius a 2016 don gwada irin wannan daga sama. Ta ɗaya ɓangaren kuma babu kwamfutar kwantam da aka sani ta kusa fasa RSA na gaske, amma tsoron da ake shi ne wani ya tara bayanan da aka ɓoye yau ya ajiye sai na'urar ta samu. Saboda haka hukumar NIST ta Amurka ta fitar da sababbin ƙa'idoji uku na ɓoye bayanai da ake sa ran kwamfutar kwantam ba za ta iya fasawa ba a Agusta 2024, waɗanda a kan kwamfuta ta yau da kullum suke aiki.