Sukari da zuciya bayan toshewar jijiya: tambayoyi da amsoshi

Mutum ba shi da ciwon sukari, amma ranar da aka kwantar da shi saboda toshewar jijiyar zuciya aka ga sukarinsa ya hau. Me ya jawo?

Jiki ne ya firgita. Idan jijiyar da ke ciyar da zuciya ta toshe, sinadaran adrenalin da kortizol kan sa hanta ta zuba sukari cikin jini, insulin, sinadarin da ke sauke sukari, kuma ya rage ƙarfi. Don haka gwajin ranar bai isa a ce yana da ciwon ba. Gwajin jini mai suna HbA1c ke raba gardama, domin yana nuna yadda sukari yake tun wata 2 zuwa 3 da suka wuce: daga 6,5% zuwa sama, ciwon ya daɗe ba a sani ba.

Wace ɓarna sukarin yake yi wa zuciyar?

Ko an buɗe babbar jijiyar, aikin bai ƙare ba. Sukari mai yawa yana lalata bangon ƙananan jijiyoyi, sai jini ya kasa shiga naman da ake so a ceto, kamar an buɗe babbar hanyar ruwa a garka amma ƙananan rariyoyin sun cushe. Yana kuma sa jini saurin gudaji, ya ƙara kumburi. Ga shi zuciyar tana komawa ga ƙona kitse, wanda ya fi cin iskar oksijin a daidai lokacin da take ƙarancinta. Naman da ya mutu kan zama tabo, tabo kuwa ba ya motsi. Idan ya yi faɗi, zuciya ta buɗe ta yi rauni. Ekografi, wato hoton zuciya na na'ura, ke nuna wannan: lafiyayyar zuciya tana tura fiye da 50% na jinin cikinta a kowane bugu, ƙasa da 40% rauni ne.

To a sauke sukarin da ƙarfi ke nan?

A'a, nan ake yawan kuskure. A asibiti ana ɗaukar mataki idan ya wuce 1,80 g/l (gram a litar jini), galibi da insulin, amma ba a yarda ya faɗi ƙasa da 0,70. Faɗuwar sukari tana hargitsa bugun zuciya, tana iya kisa. A lura: takardar labo a Yamai ko Tawa da g/l take zuwa, na'urar gida kuwa sau da yawa mg/dl take nunawa, wato 180 da 70.

Magunguna fa?

Maganin sukari glibenklamid yana iya kayar da sukari fiye da kima, magungunan zuciya irin su bisoprolol kuma suna ɓoye faɗuwar gaban da ke gargaɗi, sai dai zufa. Magungunan sukari empagliflozin da dapagliflozin suna rage kwanciya asibiti saboda raunin zuciya, sai dai akwai tsada. Likita ke canza magani, bayan ya duba ƙoda.

A gida me za a kiyaye?

A guji shayi zagaye uku da sukarinsa, lemun kwalba, fura da kunu masu zaƙi. Azumi a watannin farko sai da izinin likita. Haki idan an kwanta, kumburin ƙafa, ko ƙarin kilo 2 cikin kwana 3 alamar ruwa ne ya taru, a koma asibiti ranar. Mai ciwon sukari na iya sake samun toshewa ba tare da ciwon ƙirji ba, sai zufa, amai da kasala kawai.