Nakasu biyu, baiwa biyu: abin da dokar D&D ta faɗa

Kwanan nan surutu ya yi yawa a tsakanin masu buga Dungeons & Dragons, wasan tebur da kowane ɗan wasa ke ƙirƙirar jaruminsa a takarda, ana jefa ɗan lido don a san abin da zai faru. Wasu na cewa duk wanda ya ɗora wa jaruminsa nakasu don ya karɓi ƙarin baiwa (wata ƙwarewa ta musamman da ke ƙara wa jarumi ƙarfi) maguɗi ya yi, wasu kuma na cewa garaɓasa ce, kowa ya kwasa. Duka ɓangarorin biyu ba su karanta dokar da kyau ba.

Dokar ta fito ne a littafin Unearthed Arcana na kamfanin Wizards of the Coast a 2004, domin bugu na 3.5. Ta zaɓi ce, sai mai jan wasa, wato mai ba da labarin da yanke hukunci, ya amince take aiki a teburinsa. Ta shafi sabon jarumi a matakin farko: nakasu biyu ne iyaka, kowanne da baiwa ɗaya. Masu bugu na 5 kuwa su daina ruɗewa. Nakasun da suke rubutawa a takardar jarumi hali ne kawai, ba ya sayo baiwa.

Kuskuren da ya fi yawo shi ne wai mutum zai ce jaruminsa mai girman kai ne ko mai tsoron gizo-gizo, sai a miƙa masa baiwa. A'a. Nakasu a nan lamba ce da ake zaftarewa, kuma da gangan aka sa ta zarce abin da baiwa makamanciyarta ke bayarwa. Baiwar saurin fara faɗa tana ƙara 4 a kan lambar da ɗan lido ya nuna, nakasunta yana cire 6. Ta ƙarfin zuciya tana ƙara 2, nakasunta yana cire 3. Wanda ya zaɓi rashin lura zai rasa 4 a gani da 4 a ji, ranar da aka yi musu kwanton ɓauna shi ne zai tsaya yana zare ido abokansa na zare takubba. Cire 3 a ƙarfin zuciya kuwa, a kan ɗan lido mai fuska 20, ragin kashi 15 cikin ɗari ne a damar jarumin ta tsira duk lokacin da aka jefe shi da sihirin juya tunani, har ƙarshen wasan.

To ina ramin yake? A nakasun da ba ya taɓa mai shi. Matsafi da ke bayan sahu yana jifa da wuta zai ɗauki Noncombatant, a cire masa 2 a sara da suka, alhali bai taɓa niyyar ɗaga takobi ba. Mai gatari zai ɗauki Shaky, a cire masa 2 a harbi, shi da ko kwari bai rataya ba. Ga shi ɗan wasa na samun baiwa ne a mataki na 1, na 3, na 6, haka bayan uku-uku, don haka biyu a rana ɗaya ba ƙaramin tsalle ba ne.

Ni dai ban ga laifin ɗan wasan ba. An baje masa kaya ya zaɓi mai araha, laifin na wanda ya baje ne. Mai jan wasa yana da ikon ƙin amincewa da nakasun da ya san ba zai ciji ba, kuma gara ya faɗa tun kafin a cike takarda. In kuma ya amince da Shaky ɗin, to wata rana ya turo dodo mai fukafukai, mu ga mai gatari.