Waiwaye: A waɗanne galaksi ake samun doguwar walƙiyar gama?

Masu sha'awar ilimin taurari a nan Garwa da Marwa sun saba jin cewa doguwar walƙiyar hasken gama, wato ɓarkewar wani haske mai tsananin ƙarfi da ido ba ya gani daga can sararin samaniya, ba ta faruwa sai a ƙananan galaksi (tarin taurari masu ɗimbin yawa) masu ƙarancin sinadarai masu nauyi, wato waɗanda suka fi haidirojin da hiliyam nauyi, irin su baƙin ƙarfe. Akwai gaskiya a ciki, amma zancen ya wuce nan tuntuni.

Taurarin ɗan'adam na Vela, waɗanda Amurka ta harba don sa ido kan gwajin makaman nukiliya, su suka fara ganin walƙiyar a 1967. Sai a 1973 aka sanar da duniya. A 1993 aka kasa ta gida biyu: wadda ta wuce daƙiƙa 2 ita ce doguwa. Amma daga ina take fitowa? Amsar ta zo a 1997, lokacin da tauraron ɗan'adam BeppoSAX na Italiya da Holan ya gano ragowar hasken da ke biyo bayan walƙiyar, aka auna nisanta, aka tabbatar daga galaksi masu nisan gaske take. A 1998, da kuma 2003, aka ga fashewar ƙaton tauraro a daidai gurbin walƙiya, abin da ya nuna mutuwar irin wannan tauraro ce ke haifar da doguwar walƙiya.

A 2006 Andrew Fruchter da abokan aikinsa suka duba hotunan na'urar hangen nesa ta Hubble, suka ga mafi yawan masaukan walƙiyar, wato galaksin da take fitowa daga cikinsu, ƙanana ne, dishi-dishi, marasa tsayayyar siffa, kuma walƙiyar na tashi a inda ake haihuwar sababbin taurari da yawa. Dalilin ya shiga hankali. Tauraron da ke ɗauke da baƙin ƙarfe da makamantansa da yawa, haskensa na tunkuɗe iskar da ke jikinsa, ya yi ta zubar da nauyi, jujjuyawarsa ta ragu. Alhali kuwa sai cibiyarsa na juyi da matuƙar sauri sannan, idan ta rufta ta zama baƙin rami (dunƙule mai ƙarfin jan da ko haske ba ya kuɓuce masa), za ta iya feso wannan walƙiya. Tauraron da kusan duk jikinsa haidirojin ne da hiliyam ya fi riƙe saurinsa.

Sai dai an manta da ƙura. Duk wanda ya tsaya bakin Binuwai a watan Janairu ya san yadda hazo ke shafe dutsen Tingelin alhali yana nan daram. Haka ƙurar manyan galaksi ke haɗiye hasken da ido ke gani, don haka binciken farko ya tsallake su. Bayan harba tauraron ɗan'adam Swift a 2004, mai nuna gurbin walƙiya da hasken eksire, aka fara gano masaukai manya, masu ƙura, wasu ma sinadaransu sun kai na Rana ko sun zarce.

A ganina, abin da ya kamata malamanmu su koyar ke nan: ƙarancin sinadarai masu nauyi yana ƙara yiwuwar walƙiyar sosai, amma ba sharaɗi ba ne. Babban binciken da Daniel Perley ya jagoranta a 2016 ya nuna yiwuwar tana raguwa ƙwarai idan sinadaran suka kai kusan mizanin Rana, kuma har yanzu masana na muhawara kan ainihin inda iyakar take.