Waye ke da alhakin mayar da saitin layin siriyal bayan kwamfuta ta farka?

Masu kula da sabar da na'urorin sadarwa a ofisoshin Yamai sun san wannan matsala: kwamfuta ta yi barci don adana batir, ta farka, sai tagar da ke karɓar saƙo ta kebul ɗin siriyal, wato wayar da ke haɗa kwamfutar da wata na'ura, ta cika da haruffa marasa kai ba gindi, ko ta yi tsit. Da yawa sukan ɗora laifin kan kebul, alhali akwai ƙa'idar da ta fayyace mai alhaki.

Ƙa'idar ACPI ce, ta sarrafa wutar kwamfuta, wadda Intel da Microsoft da Toshiba suka fitar a 1996. A matakin barcin da ta kira S3, ma'ajiyar RAM ce ke riƙe da wuta, sauran sassa kuwa an yarda su manta saitinsu. Guntun UART da ke sarrafa layin siriyal yana cikinsu. Saboda haka tunawa ba wajibinsa ba ne, wajibin manhajar da ke tafiyar da kwamfutar ne, kamar Linux.

A Linux, idan an rubuta console=ttyS0,115200n8 a layin umarnin da ake ba manhajar yayin tayar da kwamfuta, an faɗi gudu 115200, ba bitin tantancewa, biti 8 na bayani. Da an farka, dole direba, wato ɓangaren manhajar da ke kula da guntun, ya sake rubuta waɗannan cikin guntun. A guntu irin 16550 lamba ɗaya ce ke raba agogonsa: da agogon da aka saba amfani da shi, 1 ta ba da 115200, 12 ta ba da 9600. In ta sauya a gefe guda, kwamfutar da na'urar da ke ɗaya ƙarshen kebul ɗin ba za su fahimci juna ba.

Inda aka fi ruɗewa shi ne no_console_suspend, wani zaɓi da ake rubutawa a wannan layin tayarwar. Wasu na ɗaukarsa magani, amma an yi shi ne domin mai binciken matsala ya ci gaba da ganin saƙonni yayin shiga barci da fitowa, kuma bai hana babban allon lantarkin cikin kwamfutar yanke wa guntun wuta ba. Shi ya sa direban 8250, mai kula da irin wannan guntun a Linux, ke ajiye alamar 0xa5 a wani gurbin guntun kafin barci. In ya dawo bai tarar da ita ba, ya san wuta ta yanke, sai ya sake saiti. Wannan dabarar ta burge ni ƙwarai.

Idan abin ya same ka, shiga kwamfutar ta SSH, wato ta hanyar sadarwa daga wata kwamfutar, ka duba gudun da stty -F /dev/ttyS0. In ya saɓa, ka gyara, sannan ka kai rahoto ga masu kula da direban, domin kuskure ne da ya wajaba su gyara.